Ba Direba Ne Ya Kashe Manhajarka Ba, Kai Ne Ka Ƙi Dubawa

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin masu rubuta manhajar zane a kwamfuta, kuma lokaci ya yi da za a faɗa musu gaskiya ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Mutum zai zauna gaban kwamfutarsa ta tebur, ya kwafo layi ɗari biyu na OpenGL daga inda ya tsinto su, ya danna maɓalli, taga ta buɗe kamar ƙiftawar ido ta ɓace. Tun bai karanta ko harafi ɗaya daga saƙon da injin ya bar masa ba, ya riga ya yanke hukunci. "Ai wannan laburaren ba shi da kyau." Ko kuma, "Direban katin ne, kullum haka yake." Sai ya sauke direba ya sake ɗorawa, ya goge GLEW ya ɗauko GLAD, ya bar GLFW ya koma SDL, wani ma har ya wanke kwamfutar gaba ɗaya ya sa sabon Windows. Bayan duk wannan wahala ya sake danna maɓallin, manhajar ta sake mutuwa a daidai inda ta mutu da farko.

Ɗan'uwa, da kai nake. Abin da kake yi lalaci ne, ko da kuwa ka kwana kana zufa a kansa. Ka zaɓi aikin da ba ya buƙatar tunani, wato saukewa da ɗorawa, don ka guje wa aikin da ke buƙatarsa, wato karanta abin da ka rubuta da hannunka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kamfanin Silicon Graphics ya fitar da OpenGL tun 1992, ƙungiyar Khronos ta karɓi ragamarsa a 2006, kuma tun daga lokacin har yau wasanni da manhajojin injiniyoyi da na masu haɗa fim suna kiran waɗannan umarnai dare da rana a kan injuna marasa iyaka. Kai kuma da alwatikarka guda ɗaya mai launi uku kana so mu yarda cewa kai ne ka fara gano glDrawArrays ba ya aiki? Ka ji tsoron Allah.

Tushen ruɗin shi ne ba ka tsaya ka fahimci abin da kake kira ba. OpenGL takarda ce ta ƙa'idoji. Khronos ke rubuta ta, sannan NVIDIA da AMD da Intel kowa ya je ya gina nasa a cikin direbansa, a Linux kuma galibi Mesa ce ke ɗaukar nauyin, aikin da Brian Paul ya fara a 1993. Duk lokacin da ka kira wani umarni, kana miƙa wa direba adireshin wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta da kuma lamba, kana ce masa ga kayana nan, ga yawansu. Direba ba shi da hanyar sanin ko gaskiya ka faɗa. Ya yarda da kai ne kawai. Shi ya sa idan manhaja ta faɗi, sunan da za ka gani a saman rahoton sau da yawa nvoglv64.dll ne idan katin NVIDIA gare ka, ko atio6axx.dll idan na AMD ne. Kana ganin sunan sai ka ce ga ɓarawon nan. Alhali abin ya yi kama da wanda ya kai wa tela yadi uku ya rantse masa biyar ne, tela ya sa almakashi ya yi ta yanka har ya shiga cikin atamfar wata da ke ajiye a gefe. Almakashin a hannun tela yake, amma wa ya yi ƙaryar awo? Da ka gangara ƙasa kaɗan a jerin kiraye-kirayen da rahoton ya nuna, da ka ga sunan fayil ɗinka da lambar layin da ya tura direban cikin rami. Yana nan a rubuce. Ba ka gangara ba ne.

Mu ɗauki mutuwar da ta fi kowace yawa, wadda kusan kowane sabon shiga ke cin karo da ita a makon farko. A Windows, fayil ɗin opengl32.dll umarnan OpenGL 1.1 kaɗai yake bayarwa kai tsaye, sigar 1997. Duk abin da ya zo bayan nan, kamar glGenBuffers na sigar 1.5, da glCreateShader na 2.0, da glGenVertexArrays na 3.0, sai an tambayi direba adireshinsa a lokacin da manhaja take gudana. Aikin GLEW da GLAD ke nan, ba wani abu ba. Kafin ka kira glewInit ko takwaransa na GLAD, kowane ɗaya daga waɗannan sunaye sifili ne a ciki. Kuma ko ka kira shi, ba zai samo komai ba idan ba ka riga ka buɗe taga ka kafa mahallin zane da glfwMakeContextCurrent ba, domin a lokacin babu direban da zai amsa masa. To kai kuma ka ɗauko layin ƙirƙirar rumbun bayanai ka sa shi a sama, ko ka cusa shi a cikin wani abu da ake ginawa tun kafin manhaja ta shiga main. Injin ya yi tsalle zuwa adireshin sifili ya faɗi. Windows ya rubuta maka lamba 0xC0000005, ya kuma ƙara da adireshin da aka yi ƙoƙarin shiga, sifili zalla daga farko har ƙarshe. Linux ya ce maka SIGSEGV, sigina ta 11. Wane bayani kake nema da ya wuce wannan? An ce maka ka kira abin da babu shi. Gyaran bai wuce matsar da layi ɗaya zuwa ƙasa ba, kai kuwa ka je ka ƙone data wajen sauke direba sau uku.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, kowane mataki daga cikin waɗannan yana dawo maka da amsa, kai ne kake zubar da ita. glfwInit yana faɗa maka ko ya yi nasara. glfwCreateWindow yana dawo da NULL idan ya kasa. glewInit yana dawo da lambar kuskure, har da umarnin da zai mayar maka da ita rubutu. GLFW ya tanadi glfwSetErrorCallback, wanda za ka iya kafawa tun kafin komai, ya riƙa rubuta maka dalilin kowace gazawa dalla-dalla. Layi huɗu ne ko biyar. Ka goge su saboda, a cewarka, suna cika maka allo. Wasu masu koyarwar ma su ne suke fara goge su don darasi ya yi gajere ya yi kyan gani, ɗalibi ya tashi da tunanin duba kuskure ado ne da ake ƙarawa idan an samu lokaci. Malam, idan kana koyar da haka, kana da kaso a cikin kowane daren da ɗalibinka ya ɓata.

Sannan ka taɓa tambayar injin wane ne yake yi maka zanen? Umarni ɗaya ne, glGetString, ka ba shi GL_VENDOR da GL_RENDERER da GL_VERSION, ya buga maka layi uku. Idan ka ga an rubuta GDI Generic da sigar 1.1, to babu direban katin da ke aiki kwata-kwata, tsohon abin wucin gadi na Microsoft ne ke riƙe da kai. Idan ka ga sunan Intel alhali ka kashe kuɗi ka sayi katin NVIDIA, ka tashi ka leƙa bayan akwatin kwamfutar. Sau da yawa a kwamfutar tebur za ka tarar wayar allo a ramin sama aka soka ta, wanda ke jikin babban allon injin, katin mai tsada kuma yana can ƙasa fankarsa na juyawa ba ya yi wa kowa aiki. Wannan bincike ne na minti ɗaya. Kuma a wurinmu ya fi muhimmanci, domin da yawa daga cikin mutanen da za su buɗe manhajarka kwamfutocin hannu ne a gabansu, waɗanda aka gama ci da su a ofisoshin Turai da Amurka aka kawo kasuwa. Intel HD 3000 na 2011, alal misali, a Windows bai wuce OpenGL 3.1 ba. Kai kuma ka kwafo layin da ke neman 4.5 ba tare da kana amfani da ko abu ɗaya na 4.5 ba. Taga ta ƙi buɗuwa, ba ka duba ba, layi na gaba ya kashe manhajar, mai kwamfutar ya zauna yana zaton injinsa ne ya lalace. Blender a sigar 2.80 ta 2019 ta buƙaci 3.3, amma idan katin mutum bai kai ba tana faɗa masa a sarari. Wannan shi ne mutunta mai amfani da kayanka. Barinsa da taga mai ɓacewa wulaƙanci ne.

Na san abin da za ka ce: OpenGL ba ya magana, ka yi kuskure ya yi shiru. Da can akwai ƙamshin gaskiya a wannan ƙorafi. glGetError lamba kawai yake bayarwa, 1280 idan ka ba da sunan da bai dace ba, 1281 idan ƙimar ce ba daidai ba, 1282 idan ka yi abu a lokacin da bai halatta ba, 1285 idan ƙwaƙwalwa ta ƙare. Kuma kuskuren yana nan ajiye har sai ka tambaya, don haka wanda ya kira shi sau ɗaya a ƙarshen zane ya san dai an yi ɓarna, amma bai san a ina ba. To amma tun 2012, da fitowar OpenGL 4.3, aka shigar da hanyar da direba zai kira ka da kansa. Ka nemi mahalli mai bin diddigi, ka kunna GL_DEBUG_OUTPUT, ka ƙara da GL_DEBUG_OUTPUT_SYNCHRONOUS don saƙon ya zo a daidai lokacin da aka yi laifin, ka ba glDebugMessageCallback aikin da zai kira. Daga nan direba zai riƙa rubuta maka jimla cikakkiya, ya ce ga umarnin da ka kira, ga abin da ya ɓace. Idan ka sa manhajar ta tsaya a cikin wannan aikin, za ka ga layinka ido da ido. Fiye da shekara goma ke nan wannan yana nan kyauta, kuma katuna da yawa da ba su kai 4.3 ba suna da shi ta hanyar ƙarin KHR_debug. Wanda ke rubuta OpenGL yau bai kunna shi ba, ba shi da bakin cewa injin ya yi masa shiru. Haka 'yan manhajojin GLSL da kake turawa cikin kati. Bayan glCompileShader akwai GL_COMPILE_STATUS da za ka duba, akwai glGetShaderInfoLog da zai ba ka lambar layin da ka manta alamar rufe jimla. Ka ƙi tambaya, allo ya yi baƙi ƙirin, ka ce katin ne.

Yanzu bari in nuna maka ɗaya a kusa, domin ita ce irin wadda ke sa mutum ya rantse direba ne, kuma ba shi ba ne. Ka ɗauko hoto mai faɗin fiksel 101 da tsayi 100, kowane fiksel bayit uku, ja da kore da shuɗi. Kowane layi bayit 303 ke nan, hoton duka bayit 30,300, kuma daidai wannan adadin laburaren buɗe hoto ya ware maka. Ka miƙa shi ga glTexImage2D. Abin da ba ka karanta ba shi ne GL_UNPACK_ALIGNMENT, wanda idan ba ka taɓa shi ba yana kan 4, ma'ana OpenGL yana ɗauka kowane layi yana farawa ne a adadin da 4 ke rabawa. Lamba 303 ba ta rabuwa da 4, sai ya ɗauka kowane layi bayit 304 ne. Bayit ɗaya tak a kowane layi. Kafin ya gama layin ƙarshe ya zarce ƙarshen kayanka da bayit 99. Idan ka yi sa'a abin da ke bayan hoton naka ne, sai ka ga hoton ya karkace launinsa ya ɗan rikice. Idan ba ka yi sa'a ba, wurin ba naka ba ne, manhaja ta mutu a cikin fayil ɗin direba. Kuma duk hotunan da ka gwada a baya masu faɗin 256 ne ko 512, waɗanda 4 ke rabawa, shi ya sa wata da watanni ba ka ga komai ba. Sai ranar da wani ya ɗora hoton da ya yanka da kansa. Layi ɗaya, glPixelStorei da ƙimar 1, ya kashe maganar. Yana rubuce a takardar bayanin umarnin da ka kira ba ka buɗe ba.

'Yar'uwarta ta fi ta muni. Idan glReadPixels ne kake amfani da shi don ɗaukar hoton allo, ƙa'idar iri ɗaya ce ta GL_PACK_ALIGNMENT, sai dai a nan direba rubutu yake yi a wurin da ba naka ba. Manhajar ba za ta mutu nan take ba. Za ta ci gaba da tafiya lafiya lau, sai can bayan minti biyar ta faɗi a wani wuri da ba shi da alaƙa da zane, wajen sakin ƙwaƙwalwa ko buɗe wani fayil. Wanda bai da haƙuri a nan yake fara zargin aljanu. Ga kuma tsohon kuskuren sizeof. Akwati mai fuska shida kusurwa 36 ne idan aka gina shi da alwatika, kowace kusurwa lamba uku, kowace lamba bayit huɗu, jimla bayit 432. Ka tura jerin zuwa wani aiki, a can ya koma manuni kawai, ka rubuta sizeof a kansa, a injin 64 ya ba ka 8. Ka ware wa kati bayit takwas ka ce ya zana kusurwa 36. Da ka buga lambar sau ɗaya ka kalle ta, da ka gani.

Don irin waɗannan aka ƙera kayan aiki, kuma kyauta ne. AddressSanitizer, wanda ya fito daga Google, yana cikin GCC da Clang har da Visual Studio na yanzu; ka ƙara -fsanitize=address wajen haɗa manhaja, ya tsayar da kai a daidai layinka da ya ƙetare iyaka, ya faɗa maka inda aka ware wurin. Valgrind a Linux yana sa ido a kan kowane karatu da rubutu, yana da nauyi amma yana kama abin da ido ba ya gani. A gdb harafi biyu ne, bt, ka ga duk jerin kiraye-kirayen da suka kai ka ga faɗuwa. RenderDoc na Baldur Karlsson yana kama zane guda ya baje maka shi, kowane rumbu da abin da ke cikinsa, kowane hoto, kowane umarni bi da bi. Mutane sun ba da shekarun rayuwarsu sun gina waɗannan, kai kuma maganinka shi ne ka cika manhaja da rubutun "na zo nan 1", "na zo nan 2", in ka gaji ka ce a canza laburare.

Mafi hatsari a cikinku shi ne wanda ya sa mutuwar ta ɓace ba tare da ya san dalilinta ba. Ya ƙara ɗan jinkiri na rabin daƙiƙa, manhaja ta daina faɗuwa, ya ce ya gyara. Ya watsa glFinish a ko'ina, abin ya lafa, ya ce alhamdulillahi. Bai gyara komai ba. Galibi abin da ke ƙasa shi ne yana kiran OpenGL daga zaren aiki biyu, alhali mahallin zane a zare ɗaya kaɗai yake iya zama a lokaci guda, GLFW kuma ya rubuta a sarari cewa yawancin ayyukan taga sai daga babban zare. Jinkirin ya sa zaren biyu sun daina karo a injinsa ne kawai. A injin wani mai sauri ko mai nauyi za su sake haɗuwa. Haka wanda manhajarsa ke faɗuwa wajen rufewa ya ce ba komai, ai dama rufewa za a yi, alhali yana goge rumbuna ne bayan ya riga ya rushe mahallin. Haka wanda tasa ke mutuwa idan an naɗe taga ƙasa, saboda tsayin ya koma sifili shi kuma yana raba faɗi da tsayi. Duk ƙananan abubuwa ne, kuma duk suna da suna da dalili.

Sai batun allon da ke ɗaukewa ya dawo. Tun zamanin Windows Vista akwai wani tsari da ake kira TDR: idan katin hoto ya riƙe aiki ɗaya ya wuce daƙiƙa biyu bai amsa ba, Windows zai sake tayar da direban don kada kwamfutar ta ƙame gaba ɗaya. Allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, manhajarka ta rasa duk abin da ta ajiye a kati, a rajistar abubuwan da suka faru kuma a rubuta lamba 4101. Idan farfaɗowar ta gagara, shi ne kake ganin shuɗin allo. Me mutanenmu suke yi? Su shiga rajistar Windows su ɗaga TdrDelay daga 2 zuwa 60, wani ma ya kashe tsarin ɗungurungum, har ya rubuta wa masu amfani da manhajarsa cewa su ma su yi haka. Wannan rashin amana ne. Microsoft ta tanadi waɗannan maɓallai ne don masu gwaji da masu gina direba. Idan zanenka ya riƙe kati fiye da daƙiƙa biyu, ko dai akwai zagaye a cikin GLSL ɗinka da ba ya ƙarewa, ko ka ba shi adadin da ya kumbura saboda lambar da ba ka saita ba, ko kuwa aikin da gaske babba ne, wanda ya kamata ka yanka shi gunduwa-gunduwa ka riƙa turawa. A duka ukun aikin naka ne. Ba ka da hurumin cire wa kwamfutar wani kariyarta don ka ɓoye naka sakacin.

Kada kuma ka zo mini da "ai a tawa yana aiki." Takardar OpenGL cike take da wuraren da ta ce idan ka yi kaza, ba a san abin da zai biyo baya ba. Wani direban zai yi maka kara ya wuce, wani ya ƙi, wani ya faɗi. Sanannen abu ne tsakanin masu wannan aiki cewa mai fassara GLSL na NVIDIA yana karɓar rubutun da na wasu ke ƙi. Tun sigar 3.2 ta 2009 aka raba OpenGL gida biyu, mai tsauri da mai ɗauke da tsofaffin umarnai, kuma a mai tsaurin dole ka ɗaura VAO, wato abin da glGenVertexArrays ke ƙirƙira, kafin ka zana. Kai ka manta, injinka ya yafe maka, aka kai manhajar kan Mac, inda Apple ya tsaya a 4.1 ya kuma sanar a 2018 cewa ya daina ciyar da OpenGL gaba, allo ya fito wayam. Manhajarka tun farko a karye take. Injinka ne ya rufa maka asiri. Wanda kuma ya ce ya gaji, zai koma Vulkan, to ya sani Vulkan da ya fito a 2016 an gina shi ne da gangan don direba ya rage dubawa, nauyin duka ya koma kan mai rubutu. Idan ba ka kunna VK_LAYER_KHRONOS_validation ba, a can ko lambar 1282 ba za ka samu ba. Halin da ka bari a nan shi za ka tarar yana jiran ka.

Ba na cewa direba ba ya kuskure. Yana yi, kuma laburare ma yana yi. GLEW kafin sigar 2.0 yana tambayar jerin ƙare-ƙare ta hanyar da mahalli mai tsauri ya haramta, har sai mutum ya kunna glewExperimental kafin ya samu wasu umarnai, kuma ya bar maka kuskuren 1280 tun ba ka rubuta komai ba. Wannan laifin laburare ne na gaske. Amma waɗanda suka gano shi hujja suka kawo. Idan kana zargin direba, ka rage manhajarka, ka yi ta cirewa har ta koma layi hamsin da har yanzu ke faɗuwa. Mafi yawan lokaci a tsakiyar wannan cirewar za ka ci karo da naka kuskuren, magana ta ƙare. Idan ba ka ci karo da shi ba, ka gwada a katin wani kamfani. A Linux ka sa LIBGL_ALWAYS_SOFTWARE=1, Mesa ta yi zanen ba tare da kati ba; idan a can ma ta faɗi, ka bar direban katinka ya huta. Idan jiya tana aiki yau ta daina, git bisect zai tsamo maka canjin da ya jawo a cikin gwaji kamar goma ko da canje-canjen sun kai dubu. Idan kuwa ba manhajarka kaɗai ke faɗuwa ba, wasanni da sauran manhajojin zane duk suna yi, to ka buɗe akwatin. Ƙurar hunturu tana toshe fankar kati har ya yi zafin da ba zai iya ba, na'urar ba da wuta mai rauni tana gazawa daidai lokacin da kati ya ja ƙarfi, ƙwaƙwalwar da ta lalace kuma MemTest86 zai tona ta. Kowanne da gwajin da ke tabbatar da shi ko ya wanke shi.

Kuma idan ka je neman taimako, wajen na gaba da kai ko wajen masu kula da laburaren, ka je da kayanka a hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. "Manhajata tana mutuwa, a taimaka" ba tambaya ba ce, ɗora wa wani aikinka ne. Ka faɗi sunan katin da sigar direba da sigar Windows ko Linux, ka kawo layi ukun glGetString, ka kwafo saƙon kuskuren harafi da harafi, ka kawo jerin kiraye-kirayen da ƙaramar manhajar da ke nuna matsalar. GLFW da Camilla Löwy ta daɗe tana riƙe da shi, da SDL da Sam Lantinga ya fara fitarwa a 1998, kyauta aka ba ka su. Kowace sa'a da masu kula da su suka ɓata suna tambayar ka abin da ya kamata ka faɗa tun farko, sa'a ce da aka ɗauke daga gyaran kuskure na gaske da ke damun kowa.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan manhajarka ta sake faɗuwa, ka ɗauke hannunka daga shafin sauke direba. Ka buɗe ta a cikin gdb ko Visual Studio, ka bar ta ta mutu a gabanka, ka gangara jerin har ka ga sunan fayil ɗinka. Muddin ba za ka iya faɗin layin da ta mutu da dalilin mutuwarta ba, ba ka da ikon zargin kowa, kuma kada ka miƙa ta ga mutane.